Neman shawara: ina son gwada FST guda biyu ko aikinsu ɗaya, amma kod ɗina ya ƙi tsayawa

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa da malamaina na wannan zaure. Don Allah ina neman taimako. Furojet ɗina na ƙarshe a kan transdusa ne mai iyakantattun matsaya, wato FST, injin nan da ke karanta kirtanin haruffa yana fitar da wani kirtanin. Ina da guda biyu, ɗaya na haɗa da hannu ɗaya kuma furogiram ne ya samar, kuma so nake in tabbatar duk abin da aka shigar musu amsa iri ɗaya suke bayarwa. Dabarar da na sani ita ce ta otomata, injin da ke karɓar kirtani ko ya ƙi shi kawai, a mai da NFA (mai zaɓin hanya) ya zama DFA (mai hanya ɗaya), a rage matsayoyin, a kwatanta. Na gwada haka da OpenFst, manhajar sarrafa FST, amma wajen mai da shi mai hanya ɗaya sai abu ya yi ta gudu memori yana cika har kwamfutar ta sandare. Sannan safabaiza ɗina ya ce in ƙara babi da zai kwatanta FST da transdusan da ake magana a kansa a darasin wahalar lissafi, mai memorin log n, wato memorin da ke girma a hankali kamar logaridim na tsawon shigarwa n, ni kuma kallon abu ɗaya nake musu. Ta ina zan kama?

Wani malamin lissafin kwamfuta:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau, kod ɗinka ma wataƙila ba shi da laifi. Abin da Rabin da Scott suka nuna a 1959, cewa kowane NFA yana da DFA da ya yi daidai da shi ko da matsayoyin za su kai 2^n in NFA ɗin yana da guda n, a kan injin da ke cewa eh ko a'a ne kawai. Da zarar inji ya fara rubuta wani abu to wannan alkawarin ya tashi.

Ɗauki takarda ka gwada wannan. Injin zai karanta jerin a komai yawansu, sai b ko c a ƙarshe. In b ce ta zo, kowace a ta zama x, in c ce kowace a ta zama y. Kaga aaab zai ba da xxx, aaac kuma yyy. Mai zaɓin hanya bai da damuwa, zai yi canki tun farko, hanyar da ba ta dace ba ta mutu. Amma mai hanya ɗaya fa? Ya karanta a ta farko bai san me zai rubuta ba, dole ya jira, ta biyu ma ya jira, kuma dole ya riƙe adadin da ya karanta, alhali matsayoyinsa ƙididdigaggu ne, adadin a kuwa ba shi da iyaka. Shine algoridim ɗin yake ta ƙirƙiro sababbin matsaya, ɗaya don a ɗaya, wata don a biyu, haka har memori ya ƙare. Choffrut ne a 1977 ya fito da sharaɗin da ke tantance waɗanda za su maidu da waɗanda ba za su maidu ba, ana ce masa sharaɗin tagwaye: in hanyoyi biyu suna zagaye a kan haruffa iri ɗaya, kada tazarar abin da suke fitarwa ta riƙa ƙaruwa. Ina kyautata zaton akwai irin wannan zagayen a cikin naka.

Wata mai digiri na uku:
Malam ya gama magana a kan wannan, ni dai zan ƙara abin da ya fi tsorata ni a tambayarka ƙanina. Kafin ka rubuta layi ɗaya na kod ka fara sanin wane aji injinka yake, don amsar ta bambanta sosai. In FST ne sakaka wanda shigarwa ɗaya za ta iya ba da amsoshi da yawa, Griffiths ya tabbatar tun 1968 cewa babu wani algoridim da zai iya yanke hukuncin ko guda biyu daidai suke a kowane hali, ba wai yana da wuya ba ne, babu shi kwata-kwata, kuma hujjar daga matsalar daidaita kirtani ta Emil Post take tasowa, wadda aka riga aka san ba ta da algoridim. Don haka kar ka sa a furojet ɗinka cewa za ka warware ta ga kowane FST, za su kama ka a wajen difens.

Amma in kowace shigarwa amsa ɗaya tak take bayarwa, kamar misalin Malam, to akwai mafita mai daɗi kuma ba sai ka mai da shi mai hanya ɗaya ba. Ka fara duba ko kirtanin da suke karɓa iri ɗaya ne, wannan tambayar NFA ce zalla, ka watsar da ɓangaren fitarwa. Sai ka haɗe injinan biyu su zama ɗaya ka tambaya, shin haɗin har yanzu amsa ɗaya yake bayarwa? In eh to daidai suke. Gwajin amsa ɗaya ana yin sa a lokacin folinomiyal, wato lokacin ba ya tashi fiye da kima in inji ya girma, nauyin duk yana mataki na farko ne, don kwatanta NFA biyu yana cikin mafi tsaurin matsalolin ajin PSPACE, wato waɗanda ake warwarewa da memorin folinomiyal, sai dai a ƙananan injina ba ka cika jin nauyin ba.

Wani injiniyan manhaja:
Ni a aikace nake amfani da su. Gargaɗi ɗaya, mutane na son dunƙule harafin shiga da na fita su zama alama ɗaya sannan su kwatanta kamar otomata. Wannan yana aiki ne in injin irin na Mealy ne, na 1955, harafi ɗaya ya shiga ɗaya ya fita. In ba haka ba zai yaudare ka, wani injin ya karanta a ya rubuta x sannan ya karanta b ya yi shiru, wani ya yi shiru a kan a sai a kan b ya rubuta x, dukansu ab ta zama x amma gwajin zai ce maka sun bambanta. Kafin komai ka jefa musu kirtani na canke da yawa, OpenFst yana da RandEquivalent don haka, ba hujja ba ce amma in akwai saɓani yakan fito da wuri.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, Anti, injinan nawa amsa ɗaya suke bayarwa don haka dabarar haɗin zan bi. Saura batun babin nan Malam.

Wani malamin lissafin kwamfuta:
Ka gina babin a kan tambaya uku: nawa inji yake tunawa, yana iya komawa baya, kuma me za ka iya tabbatarwa a kansa. FST memorinsa ba ya girma ko kirtanin ya kai miliyan, gaba kawai yake tafiya, kuma in mai amsa ɗaya ne tsawon abin da zai fitar ba ya wuce wani ninki na abin da ya karanta. Ba zai iya juya kirtani ba, ba zai iya rubuta shi sau biyu ba. Ka ba shi damar komawa baya sai ya iya duka biyun, abin mamaki kuwa, don a otomata Shepherdson ya nuna a 1959 cewa komawa baya ba ta ƙara ƙarfin komai. Shi kuwa na log n yana yawo a kan shigarwar yadda ya ga dama kuma yana da wurin ajiye 'yan ƙididdiga, zai karanta a guda n ya fitar da n sau n, shi ya sa ake amfani da shi wajen mai da wata matsala zuwa wata. Farashin wannan ƙarfin shine tambayarka ta farko ba ta da algoridim a kansa ko da mai hanya ɗaya ne.

Ka kuma nuna yadda ake jera biyu, ɗaya na ciyar da ɗaya. A FST, kamar yadda Elgot da Mezei suka tabbatar a 1965, sai ka auri matsayoyinsu bibbiyu ka sami inji guda. A log n babu wurin ajiye abin da na farko ya fitar, don haka duk lokacin da na biyu ya nemi harafi na kaza sai a sake gudanar da na farko daga tushe har a iso wurin. Ka rubuta daftarin ka turo nan mu duba maka kafin ka kai wa safabaizan.