Muhawara: Wai Ɗan Kwana-Kwana Duk Ƙasar da Ya Je Zai Samu Aiki?

Ɗan'auta: Salamu alaikum manyana. Ni dai ina nan a kan bakana: ɗan kwana-kwanan da ya iya aikinsa, duk ƙasar da ya nufa zai samu gurbi. Wuta ba ta da yare. Ku dubi Kanada a 2023, da gobarar daji ta fi ƙarfinsu ai har daga Afirka ta Kudu, Faransa, Meziko da Ostareliya aka kai musu ɗauki.

Baba Mai Ritaya: Wa alaikumus salam. Yaro, aro daban, ɗauka aiki daban. Waɗanda ka lissafa hukumominsu ne suka tura su a ƙungiyance, suka yi 'yan makonni suka koma gida. Babu wanda ya saɓa jaka shi kaɗai ya je ya ƙwanƙwasa ƙofa. A Faransa mai kashe gobara na dindindin ma'aikacin gwamnati ne, in kai ba ɗan ƙasar ba ne ko ɗan Turai, ko jarrabawar ba za a bari ka zauna ba. Ga shi akasarin masu kashe wuta a can da Jamus 'yan sa-kai ne. To kujerar wa za ka hau?

Anti Mai Horarwa: Allah ya ƙara girma Baba, amma ka rufe ƙofar da yawa. Ba hukumar gari kaɗai ke ɗaukar mu ba. Filayen jirgin sama, matatun mai, wuraren haƙar ma'adinai, duk suna ɗaukar baƙi a kan kwantiragi, musamman a ƙasashen Larabawa masu arzikin mai. Aikin filin jirgi ya fi saurin tsallake iyaka, domin ƙa'idojin ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ake bi kusan ko'ina. Abin da za su fara tambaya shi ne takarda, irin ta NFPA 1001, wato shaidar ƙwarewar mai kashe gobara bisa ma'aunin Amurka, mai hatimin hukumar tantancewa ta IFSAC ko ta Pro Board, kafin su saurari labarin jarumtarka. Kai, har tashar bincike ta McMurdo da ke Antatika tana da 'yan kwana-kwananta, cikin ƙanƙara.

Ɗan'auta: Yawwa Anti! Ai ko rijiyoyin man Kuwait sama da 600 da aka cinna wa wuta a 1991, baƙi ne daga Amurka, Kanada da Hungari suka taya kashe su.

Baba Mai Ritaya: Waɗannan kamfanoni ne da rijiyar mai ce sana'arsu tun fil azal. Kuma da kake cewa wuta ba ta da yare, rediyon da za a ba ka umarni da ita fa? A ce "ku janye" ka tsaya neman tafinta? Ko bakin mesa ba iri ɗaya ba ne: na Jamus murɗa shi ake yi ya kama, na Ingila tura shi ake yi, na Amurka yawanci mai zare ne. Wanda ya saba da ginin siminti, ranar da ya shiga gidan katako mai ci da wuta sai ya koma ɗan koyo.

Yaya Babba: Ni ta kuɗin nake ji. A 2016 kimanin 'yan Afirka ta Kudu 300 aka kai gobarar dajin Fort McMurray da ke Kanada, rigimar alawus ta ɓarke, suka ajiye aiki aka mayar da su gida. Kafin mutum ya hau jirgi ya san wa zai biya shi, wa zai ɗauki nauyinsa in ya ji ciwo. Mai ajiye aikinsa don kwantiragin shekara biyu kuma ya lissafa da fansho da ƙarin girman da za su wuce shi.

Anti Mai Horarwa: Wannan gaskiya ne. Shi ya sa nake cewa ƙannena su nemi shiga tawagar ceto ta hukumarsu. Girgizar ƙasar Turkiyya ta Fabrairun 2023, tawagar da Birtaniya ta tura daga hukumomin kashe gobararta aka tattaro ta, kowa ya dawo ya tarar da aikinsa.

Ɗan'auta: To Anti, wanda hukumarsa ba ta da irin wannan tawaga fa?

Baba Mai Ritaya: Sai ya je ya nemo takardar da Anti ta faɗa. Amma duk dillalin da ya ce ka kawo kuɗin biza tukuna, kar ka ba shi ko sisi.