Neman shawara: yarona ya ƙi zama in koya mishi baƙaƙe a gida

Maman Sadik: Assalamu alaikum iyayena da yayyena, ina wuninku, ya iyali. Don Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya cika min ciki. Ni a unguwar Ali Ɗan Sofo nake nan Maraɗi a Nijar, gidan yawa ne, mu uku matan wa da ƙane tsakar gida ɗaya ga kuma uwar mijinmu, Inna. Bara lokacin lantire, wato komawa makaranta, maigidana ya ce a sa Sadik jardan, makarantar ƙananan yara, har mun je mun ga wajen, sai kasuwa ta tsaya mishi don shi kaya yake ɗaukowa daga Kwatano, kun san yadda hanyar ta koma tun 2023, sai ya ce a bari sai abin ya warware. Facalata kuwa ta sa nata, kullum ya dawo da ƴar jakarshi yana a be se de a tsakar gida Inna na yi mishi tafi, ta juyo ta ce to Sadik kai fa. Ran nan ɗaki na shige na yi ta kuka wallahi.

Shi ne na je babbar kasuwa na sayo babbar takardar nan ta baƙaƙe mai hotuna na manna a bango, da kaye da kiriyo, wato littafin rubutu da fensir. Bayan la'asar nake zaunar da shi amma minti 5 ba ya yi, ya tauna kan kiriyon ya yage kayen ya ce fitsari yake ji. Waƙar baƙaƙe ta waya ya haddace ta tsaf, amma in na ɗora yatsa kan A na ce mi ne wannan sai ya ce jirgi. Ya zan yi da shi?

Hajiya Ummi: Wa alaikumus salam ɗiyata. Ba ki hwaɗa mana shekarunshi ba, kuma da wane yare kike koya mishi?

Maman Sadik: Shekara 4 da wata 2 Hajiya. Faransanci mana tunda shi zai tarar a lakwal, waƙar dai ta Ingilishi ce don ita na samu.

Madam Rabi: Maman Sadik ki saurare ni da kyau, na daɗe ina riƙe da ajin CI, ajin farko na firamare, irin yaronki na ga su ba adadi. Yaron nan gaskiya ya faɗa miki. Hoton jirgi ne a gefen A saboda a Faransanci avion da A ya fara, shi kuma da Hausa yake tunani, ya ga jirgi ya ce jirgi. Mi ya haɗa jirgi da a? Ki cire takardar nan daga bango tukuna. Waƙar ma ki goge ta, domin a Ingilishi A suna kiran shi e, E kuma suna kiran shi i, to ranar da ya shiga CI Madam ta rubuta E ya ce i, ta rubuta I ya ce ai, ke kika ɗaura mishi wannan ruɗun.

Kiriyo da kaye ki ajiye, yatsun ɗan shekara 4 ba su gama ƙwari ba. Ki samu tiren da kike ba baƙi abinci, ki tankaɗe rairayi ki zuba sama-sama yadda in ya ja yatsa za a ga ƙasan tiren. Ki zana o kina cewa ooo, ki girgiza tiren ya ɓace, ki ce to kai ma yi. Girgizawar nan ita ce wasan a wajensu. Baƙi ɗaya a sati ya isa, ki fara da wasula i, o, a, sannan s tunda shi ne farkon sunanshi, kuma sautin za ki faɗa sss kamar maciji, ba es ba. Sannan ki yanka kwalin taliya kamar tafin hannu, ki rubuta baƙin da gam ki barbaɗa rairayi ya bushe, ya riƙa bi da yatsa yana jin kaushin. Ba ni na ƙirƙiro ba, dabarar wata likita ce ƴar Italiya, Maria Montessori, wadda ta buɗe gidan yaranta na farko a Roma a 1907, ita da takardar goge katako take yi. Yau makarantu masu tsada suna cajin iyaye a kan abin da rairayin ƙofar gidanki zai yi miki kyauta.

Maman Iman: Kai Madam kin taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Ni na sa Iman wani jardan na kuɗi shekara guda cur, kuɗin rajista daban na riga daban na kabu-kabu kullum daban, kwana biyu a ce a kawo kuɗin fati. Ƙarshen shekara ba abin da ta iya sai waƙa da rawa, da na yi magana aka ce ni ce ban bibiya a gida, to in ni zan koyar mi na biya. Maman Sadik ki gode Allah kuɗinku na aljihunku.

Ummu Khalid: Ƴar uwa ban ji kin ambaci makarantar allo ba. Ɗan shekara 4 babbaƙu ya kamata ya fara, ya wuce farfaru, boko ai ba gudu yake ba. Haruffan Larabci 28 daga dama suke farawa, na boko daga hagu, in kika haɗa mishi duka yanzu sai ya rasa tudun dafawa. Mu haka aka tashe mu kuma ba mu lalace ba.

Madam Rabi: Malama ba na ja da karatun allo, amma zancen ruɗewa ban yarda ba. Yaran da ke ajina kusan duk suna zuwa allo da yamma kuma su ne ma suka fi saurin gane cewa zane yana da sauti.

Maman Sadik: Yana zuwa allo da safe Malama, mantawa na yi ban faɗa ba. Madam na gode ƙwarai amma wayar nan ba zan iya hana shi ba gaskiya, awara nake toyawa da yamma, in ban ba shi ba yana gindin murhu kusa da mai. Kuma waƙar ba ta ɓata shi ba, ai ta nuna yana da kai tunda ya riƙe ta duka. Rairayi kuma ina da mai rarrafe wadda komi ta gani baki, ga Inna ba ta son ganin ƙasa a siminti.

Hajiya Ummi: Mu lokacin da munka yi namu goyon babu jardan babu komi, shekara 7 aka kai su lakwal, yau ga su nan sun zama mutane. Ba karatun ke damunki ba ɗiyata, tahin da ake yi ma ɗan facala ne. Ni ma na zamna da uwar miji shekara da shekaru, in na buɗe bakina sai a kwana nan.

Maman Sadik: A'a Hajiya wallahi ba kishi ba ne, ni ba ruwana da ita.

Anti Zali: In rairayi ba zai yiwu ba ki kwaɓa fulawa da gishiri da ɗan mai ya riƙa murzawa kamar igiya yana lanƙwasa o da s, ko yumɓu in kina da mai zuwa bakin Gulbi. Ni kuma murafun lemu na tara na rubuta baƙi a kan kowane, in jera sunan yarinyar a kwali ita kuma ta nemo murfin da ya yi kama ta ɗora. Kuma ni da Hausa na yi, a ayaba, m mota, t tumatir, abin da take gani kullum. Tun 2025 ma ai Hausa ce aka ɗora a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma na aiki, mi zai sa ki wahalar da yaro da avion.

Madam Rabi: Zali rabin zancenki daidai ne. A yi da Hausa amma a zaɓi baƙaƙen da sautinsu bai saɓa ba, a, i, o, m, l, t, b, d. Kada ki taɓa c, don a Hausa shi ne na ciki da cokali, a Faransanci wani lokaci k ne wani lokaci s. U ma daban, j daban. Su ɓ ɗ ƙ ƴ kuwa ki bar su sai ya girma. Kuma kar a koya mishi manyan baƙaƙe kaɗai, mu a aji rubutun haɗe muke yi a ardwaz da lakire, wato ƙaramin allo da alli, shi ya sa na ce a fara da zagaye da sanda a rairayi hannu ya saki.

Anti Zali: Madam ɗiyata da manyan baƙaƙe ta fara kuma ita ke ta ɗaya a ajinsu, kowa da yadda Allah ya buɗa mishi.

Maman Iman: Wata ta ce min a jera baƙi da wake ko gyaɗa, don Allah kar ki yi. Ɗan yayata ya tura wake a hanci sai da aka kwana likita, uban yaron har yau bai daina gori ba kamar ita ta tura mishi.

Maman Sadik: Anti fulawa yanzu tiya nawa, in Inna ta ga ana wasa da abinci ai na shiga uku. Na dai gwada tiren jiya da ƙaramar ta yi barci. Na zana o ya yi dariya ya girgiza, ya ce in sake, mun yi kamar sau 6, shi ma ya yi nashi ya ce ƙwai ne. Daga nan ya zana mota, da na juya in duba mai ya kwashe rairayin ya zuba ma akuya a kwanon dusa. Takardar bangon dai ban cire ba don jika 1 da rabi na saye ta. Kuma da hagu yake ta yi, Inna ta gani ta buge hannun ta ce ba a gidanta ba, yanzu ya ƙi taɓa tiren sam.

Madam Rabi: Subhanallah, shi ne ba ki faɗa ba tun farko? Kiriyon ma da hagu yake ɗauka kina mayar mishi dama? To shi ya sa yake gudu. A bar shi da hannunshi, bahago ba cuta ba ce.

Ummu Khalid: A nan kam ina bayan Inna, gara a saba mishi da dama tun yana ƙarami, a hankali ba da duka ba.

Madam Rabi: Ci da sha da gaisuwa a koya mishi da dama, ba wanda ya ƙi. Rubutu daban. Maman Sadik ki ba ni amsa, kina canza mishi hannu ko a'a?

Maman Sadik: Madam ni ba duka nake ba, gyara mishi kawai nake don kar a yi mishi dariya a lakwal, kuma ba zan iya musu da Inna ba a gidan ɗanta nake. Babanshi zai dawo ran Juma'a in sha Allah zan ji ta bakinshi, ƙila ma ya samu na jardan ɗin. Anti Zali murafun nan da mi kike rubutu a kai, na gwada da bik yana gogewa.