Dutsen Kwatarkwashi: Kowa Ya Kawo Baitinsa

Ɗan Gindin Dutse:
Assalamu alaikum. Garinmu Kwatarkwashi, a ƙaramar hukumar Bunguɗu, ya cancanci waƙa. Zan aza harsashi, amsa-amon "shi" ne, duk wanda ya sha ruwan garin ya ɗora.

Da sunan Allah zan fara,
Mai yin damina, mai yin bazara,
Ya ba ni basira in tsara
Yabon garinmu Kwatarkwashi.

In ka baro Tsafe da rana,
Gusau kake so ka je ka kwana,
Ɗaga idonka, ya ɗan'uwana,
Tun daga nesa za ka hango shi.

Baƙi wuluk, ya doshi sama,
Gari a gindinsa ya sami zama,
Gero da dawa hagu da dama,
Rumbu cike, ba a cin bashi.

Baba Na Ƙofar Fada:
Wa alaikumus salam. Madalla da ɗana. Amma daga cikin mota ka hango shi, bari in kai ka bisa.

Ɗana, bayan dutse kag gani,
Cikinai sai wanda yaj jima a zamani,
Kakanninmu can bisa sunka yi gini,
Mai hari shi zo, shi koma da mashi.

Doki ba ya hawan santsi,
Mai sulke ba ya shiga matsatsi,
Su ko suna bisa tun da hantsi,
Kibau a hannu suna jiran shi.

Hau yau ka ishe tsingaro,
Da dutsin niƙan da anka baro,
Ya lotsa tsaka don niƙan gero,
Hannun kakanni yas sa shi laushi.

Da zaman lafiya yas samu,
Sai anka sauko da iyayenmu,
Kusa ga gona, kusa ga ruwanmu,
Tsoho ya huta da yawan nishi.

Ku sa marigayi Mai Kwatarkwashi Alhaji Ahmad Umar cikin addu'a. Ya hau sarauta 1961, yana kai anka ƙirƙiro jihar Zamfara 1996, ya rasu 2022.

Sittin da ɗaya bisa karaga,
Tun Sardauna na raye yas shiga,
Mulkin soja da na farar hula duk ya ga,
Allah shi kai rahama makwancin shi.

Ɗiyar Dutse:
Amin, Baba. Allah ya ƙara girma. Har yanzu ba wanda ya ambaci maiki, ni kuwa shi ne a raina.

Baba, da izininka zan taɓa
Zancen da ku manya kuka sa a gaba,
Dutse da maiki wa zai raba?
A kogon sama yake sheƙar shi.

Ba shi da gaggawa da safiya,
Sai dutse ya ɗau zafi gaba ɗaya,
Ya buɗe fiffike, ya bi iska ya kewaya,
Ba ka jin ko da motsin gashi.

Ƙwai ɗaya tak ne a shekara,
Uwa da uba ke karɓa-karɓar jira,
Zanen farin da ya bi dutse ya gangara,
Ba alli ba ne, wannan kashin shi.

Samarin da, ba irin na yau,
Ranar kamun maiki sukan hau,
Wanda ya sauko da shi ya yi kyau,
Gari ya ɗauka da kirarin shi.

Yanzu ɗaga kai ka ƙirga su,
Masu magani sun sa kuɗi a kansu,
Guba a mushe tana kashe su,
Sama ta yi fili, muna jin rashi.

Almajirin 'Yandoto:
Yaya, baitocinki sun ratsa ni. Sai dai akwai inda na tsaya.

Yaya, a nan fa ina da tsoro,
Dutsen nan an san shi da dodo Magiro,
An yi mai yanka, an yi mai taro,
Haske ya zo, aka watsar da shi.

In tinƙaho ne, mu yi da karatu,
'Yandoto na kusa, gidan rubutu,
Can aka sha tawada aka wadatu,
Gadon da ya dace mu yi wa kishi.

Baba Na Ƙofar Fada:

Malam ƙarami, ban ƙi taka ba,
Ba mu ce a koma ga dodo ba,
Amma wanda bai san jiya ba,
Mi za shi gode ma Allah a kan shi?

Yau ga masallatai cikin gari,
Ladanai na kiran assalatu a jeri,
Dutsen da anka yi ma yanka tun fari
Shi ka maido da kabbara, shina amshi.

Baƙo Daga Zuru:
Gafaranku dai, iyayen gida. Ni mutumin Kebbi ne, amma zancen tudu ya shafe ni, ba zan iya wucewa ba.

Daga Zuru ni nake leƙowa,
Ƙasar tuddai, ƙasar noman dawa,
Bikin Uhola in ya zo a kira kowa,
Manomi ya nuna aikin hannun shi.

Saurayinmu da golmo yake aure,
Shekaru yana noma, ya daure,
Gonar surukai har ya ƙware,
Kafin a ce ga mata a ba shi.

Ɗiyar Dutse:
Maraba da baƙo, gida naka ne. Baba, ga abin da ke hana ni barci.

Abin da ke ci mini rai, Baba,
'Yan bindiga sun sa mu a gaba,
Gonar nesa ba a nome ta ba,
Mai zuwa itace na tsoron ran shi.

Yaran da suka tashi a wannan hali,
Ba su san hawa ba, sai zaman dandali,
Labarin na shuɗewa a hankali,
In tsofaffi sun tafi, wa zai faɗe shi?

Almajirin 'Yandoto:
Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Baba, ga nawa alkawarin.

Ina nan kan bakana game da biki,
Amma rubutawa, wannan nawa ne aiki,
Sunan unguwanni, da zancen maiki,
Da jerin sarakuna, duk zan rubuta shi.

Baba Na Ƙofar Fada:
To, haka nika son ji.

Ku taho in an gama yankan dawa,
Da rana tsaka, hanya ta fi daɗin biyowa,
Akwai wata tsohuwa nan mai tunawa,
Waƙar niƙa na bakinta har da amshi.

Ita za ku fara ɗauka a waya, don ta girme ni nesa. Ku riƙo mata goro, kuma kai malam ƙarami ka zo da littafi mai kauri.