Neman kalma: me za mu kira "backing vocalist" da Hausa?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Gobe da ƙarfe 4 na yamma zan gabatar da shiri a rediyo kan Marcia Griffiths, mawaƙiyar rege ta Jamaika. Ita da Rita Marley da Judy Mowatt su ne I Threes, matan da suka tsaya bayan Bob Marley suna taya shi waƙa tun 1974, bayan abokan waƙarsa Peter Tosh da Bunny Wailer sun bar ƙungiyarsu ta The Wailers, har rasuwar Marley a 1981. "Backing vocalist" ce ta tsaya mini a wuya, kuma edita na jiran rubutun a daren nan.

Sani Gusau: 'Yar amshi. Jam'i 'yan amshi. Magana ta ƙare.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Ba ta ƙare ba, Sani. Mai amshi jira yake jagora ya dire, sannan ya karɓa. Waɗannan matan sau da yawa tare suke tafiya da shi, murya kan murya, wata a sama wata a ƙasa. Na daɗe ina cewa "marakiyar murya", daga rakiya.

Hauwa Zinder: Malam, jam'in fa? Marakan murya? Mai sauraro a kasuwa maraƙa zai ji.

Malam Habu: Sai mai karantawa ya gyara harshensa. K daban, ƙ daban.

Bashir: Ni damuwata daban ce. Marcia tun a shekarun 1960 take waƙa a kamfanin faifai na Studio One da ke Jamaika, kuma a 1970 ita da mawaƙi Bob Andy sun yi tashe har Ingila. A ce mata 'yar amshi, ai an rage mata daraja.

Sani Gusau: Wa ya ce maka amshi ƙasƙanci ne, Bashir? Kakana ɗan amshi ne shekara da shekaru. Na gan shi kafin fita wasa yana kurɓar ruwan ɗumi, ya ƙi kunun da aka kawo don kada murya ta dushe. Ka saurari Ɗanƙwairo: jagora ya jefa rabin magana, yaransa su cafe su ƙarasa, har da ƙari. Cire su ka ji abin da zai rage. Ko matan da ke bayan Barmani Choge. Abin namu ne kuke rainawa, shi ya sa sunan yake muku ƙanƙanta a bakin baƙo.

Bashir: Allah ya ba ka haƙuri, yaya, ba kakanka nake nufi ba.

Malam Habu: Duk wannan bai amsa batun haɗa muryoyi ba.

Maman Ilham: Na gode muku. Ga abin da na rubuta: "Fitacciyar mawaƙiya ce mai cin gashin kanta, wadda kuma ta yi wa Bob Marley amshi." Daga nan zan riƙa cewa 'yan amshinsa. Inda suke tafiya tare da shi, zan ce suna haɗa murya, in sa faifan mutane su ji da kunnensu.

Malam Habu: To, saboda gobe na yarda. Amma a littafin ɗalibaina marakiya zan sa. Kuma har yanzu ba ku ba ni sunan muryar da ke hawa saman ta jagora ba.