Ta wace hanya ƙungiyar unguwa za ta tallafa wa masu sana'o'in fasaha a Kano?

Ɗan Jakara:
Assalamu alaikum. Ƙungiyar cigaban unguwarmu ta tara ɗan abin da ya samu daga gudummawar jama'a, kuma an ɗora mini alhakin kawo shawarar yadda za a yi amfani da shi wajen tallafa wa matasanmu masu rini da dukanci da ɗinkin hula, da 'yan kaɗan da suka shiga harkar fim. Dattawa sun fi karkata ga gina cibiyar koyon sana'a, ni kuwa hankalina bai kwanta da hakan ba, domin kuɗin zai iya ƙarewa a bulo da kwano kafin a sayi ko allura. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar daga ciki.

Baba Marini:
Wa alaikumus salam. Yaro, gaskiyarka. Na girma a karofi, kuma duk wanda ya shiga marinar Ƙofar Mata, wadda aka rubuta shekarar 1498 a ƙofarta, zai ga ramuka da yawa a bushe, wasu ma sun cika da shara. Ba rashin malamai ne ya busar da su ba, rashin mai saye ne. Marini zai zuba baba da toka da kanwa, ya yi makonni yana jiran rami ya nuna, sannan ya yini a tsugune yana tsoma yadi yana ɗagawa domin ya sha iska, daga nan a kai wa mabuga su buge shi har ya yi ƙyalli. Bayan duk wannan wahala, sai ya leƙa kasuwar yadi ta Kantin Kwari ya tarar da yadin inji daga ƙasashen waje, an kwaikwayi zanen ɗaurin da matanmu suke yi da zare, ana sayar da shi da araha. Mai saye kuwa aljihunsa yake dubawa, ba zan ga laifinsa ba. Shawarata ita ce ku ba marina jarin yadi da baba, ku haɗa su da teloli masu ɗinkin zamani da za su riƙa karɓar kayan a kai a kai. Rinin da ya zama riga ya fi saurin fita a kan wanda yake ninke yana jiran baƙo mai yawon buɗe ido.

Mai Tace Hoto:
Baba ya gama magana a kan rini, ni zan taɓo fim. Tun daga fim ɗin Turmin Danya a 1990, masana'antar nan da kuɗin 'yan kasuwa da na masu sha'awa ta tashi, kuma kaset da faifai ne suka riƙe ta har satar fasaha ta durƙusar da cinikin finafinai a kasuwar Ƙofar Wambai. A 2016 an yi shirin gina alƙaryar fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, aka janye bayan ƙorafin malamai da jama'a, amma aiki bai tsaya ba, sai ya koma YouTube da tashoshi irin Arewa24 da aka buɗe a 2014. Abin da yake ci wa matashi tuwo a ƙwarya yau shi ne wuta da data. Ni kaina na taɓa kwana ina haɗa wani shiri, saura kaɗan kwamfuta ta gama fitar da shi janareto ya mutu, na sake daga farko. Ku kama hayar ɗaki ɗaya, ku sa sola da kwamfuta biyu masu ƙarfi da makirfo mai kyau, kowa ya biya ɗan abu kaɗan na awa domin gyara.

Hajiya Mai Zanna:
Malam, kada a manta da matan da ke ɗinkin hula a cikin gida, waɗanda suke shafe makonni a kan hula ɗaya, dillali ya karɓa ya kai wanki da guga, ribar ta tsaya a hannunsa. Sai dai ban goyi bayan a raba kuɗi kyauta ba. A mayar da shi rance marar ruwa ta hanyar adashin da suka saba, a kuma sami mace ɗaya mai riƙe littafi.

Ɗan Jakara:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan gabatar da waɗannan a taronmu na ranar Asabar. Baba, don Allah nawa ake kashewa yanzu kafin a tayar da rami ɗaya da ya bushe?