Idan duk taurari suka fashe lokaci guda fa?

Ɗan Wunti: Malamai, a ce duk taurarin sama sun fashe a daƙiƙa ɗaya, me za mu fara gani a nan Bauchi?

Malam Na Yalwa: Ɗan'uwa, rana ma tauraruwa ce, kuma ita za ta fara gamawa da mu. Haskenta na ɗaukar minti 8 da daƙiƙa 20 kafin ya iso, iyakar ranar da ta rage mana ke nan. Sai dai a zahiri rana ba ta fashewa. Sai tauraron da ya ninka nauyinta sau 8 ko fiye: makamashinsa ya ƙare, cikinsa ya koma ƙarfe, ya rufta, sannan ya tarwatse.

Hajiya Ta Gombe: Haka ne, Malam. To a bar rana a gefe. Sauran ba za a gan su tare ba, domin hasken kowanne sai ya ci nisansa kafin ya iso mu. Proxima Centauri, mafi kusa, sai bayan shekara 4 da 'yan watanni. Kaza da 'ya'yanta sai an haura shekara 400. Andromeda kuwa, wani babban tarin taurari, shekara miliyan biyu da rabi. Zara ba ta cikin lissafi, duniya ce, hasken rana take aro.

Malam Na Yalwa: Illar na kusa ita ce babba, Hajiya. Tururinsu zai cinye iskar ozon da ke tare mana zafin hasken rana, amfanin gona ya ƙone, ƙananan halittun teku su mutu. Tauraron da aka ga fashewarsa a shekarar 1054 yana da nisan da haske ke ci a shekara kusan 6,500, amma masana a Sin sun gan shi da rana tsaka har kwana 23.