Abin da Aka Tattauna Kan Haɗa wa Hawainiya Mahawa a Keji

A majalisarmu ta bayan la'asar a Birnin Kebbi, wani yaro mai kiwon hawainiya ya tambaya yadda zai yi mata abin hawa. Ga abin da na tsinta.

Kafintan cikinmu ya ce a nemi wayar alminiyam, don ba ta tsatsa kuma tana lanƙwasuwa, a naɗe ta da igiyar rama, a lanƙwashe bakinta kada ta soki dabbar. Kauri shi ne wurin lura: yatsun hawainiya a haɗe suke, biyu a gefe ɗaya, uku a ɗayan, don haka sai abin da ƙafarta za ta iya damƙewa. A yi siriri, a yi mai ɗan kauri, a murɗe su tare.

An daɗe ana musu kan silikon, wato gam mai kama da roba da za a shafa a kan wayar da aka naɗe. Aka tsaya a kan irin na tankin kifi, wanda ba a sa masa maganin fumfuna ba. A shafa, a barbaɗa busasshiyar ƙasa, a shanya har warin tsamin ya fita gaba ɗaya. Ni a ganina a nan ne gaggawa ke yin ɓarna.

Wani dattijo ya ce, "Kai yaro, reshen gwaiba bai ishe ka ba?" Ya isa, in an wanke an busar. Tumfafiya dai a guje ta, ruwanta guba ne.

Da hunturu a riƙa fesa ruwa, domin hawainiya ɗigon da ke kan ganye take lasa.